Koyon sana'a a Jamus: wace takardar makaranta ake nema? Tambayoyi da amsoshi

Tun da labarin Ausbildung ya fara yawo a wayoyin matasa, da wuya mako ya wuce wani bai same ni da fayil ɗinsa a hannu ba. Wasu an gaya musu cewa Jamus ba ta tambayar takarda ko ɗaya, fasfo kawai za ka kawo. Wasu kuma an ce musu in ba kwalin digiri kada ma su soma. Duka biyun an ba su rabin magana ne. Na tattaro tambayoyin da aka fi yi mini, na bar su kusan yadda masu su suka faɗe su.

Malam, mene ne ma wannan Ausbildung ɗin?

Koyon sana'a ne, amma mai ƙafa biyu. Ƙafa ɗaya tana wurin aiki, wato kamfani ko gareji ko gidan burodi ko otal. Ɗayar tana makarantar sana'a da suke kira Berufsschule, inda za ka je kwana ɗaya ko biyu a mako, ko kuma a tara maka makonni a jere. Ana ɗaukar shekara 2 zuwa 3 da rabi. Mai gyaran mota da mai aikin wutar lantarki shekara 3 da rabi suke yi, mai burodi da birkila shekara 3. Sana'o'in da gwamnati ta amince da su sun haura 300.

A nan gida, uba ne yake kai yaro wurin oga ya ce ga amana, kuma ogan ne zai duba ya ga hannun yaro ya faɗa sannan ya yaye shi. A can ba oga ke yaye ka ba. Akwai kwantiragi a rubuce, ana biyanka kowane wata, kana cika littafin abin da ka koya, a ƙarshe kuma ka zauna jarrabawa a gaban majalisar masu sana'ar hannu ko ta 'yan kasuwa da masana'antu, da aiki da rubutu, duk da Jamusanci.

To wace takarda doka ta ce sai na kawo?

Ga inda ruɗanin yake. Dokar koyon sana'a ta Jamus, wadda aka kafa a 1969, ba ta gindaya wata takardar makaranta ga irin wannan koyo na kamfani da makaranta ba. Bajamushen da bai gama sakandare ba yana iya shiga in ya sami mai ɗaukarsa. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce dillalai suke ɗaukowa su yi talla da ita.

Abin da ba sa faɗa maka shi ne, kai ƙofa uku ce a gabanka, kuma kowace da mai gadinta.

Ta farko ita ce dokar, kuma a buɗe take. Ta biyu mai kamfani ne. Shi ne zai biya ka shekara uku, shi ne zai yi asara in ka faɗi jarrabawa, saboda haka yana da damar ya ce ga irin takardar da yake so. Mutumin da bai taɓa ganin ka ba, bai san mahaifinka ba, bai san garinku ba, da me zai auna ka in ba da takarda da hirar da zai yi da kai ta bidiyo ba? Ta uku jami'in biza ne. Shi tambayarsa ita ce: wannan mutumin da gaske koyo zai je, kuma zai iya kai wa ƙarshe? Zai duba karatunka na baya, ya duba Jamusancinka, ya duba abin da za ka ci. Hukumar samar da ayyuka ta tarayya ma sai ta sa hannu a kan kwantiragin.

Don haka maganar "ba a neman takarda" gaskiya ce a ƙofar farko kaɗai.

Ina da WAEC. A wane matsayi suke ɗaukar ta?

Sai ka fara sanin tsanin makarantunsu. Akwai Hauptschulabschluss, shaidar da ake samu bayan aji 9. Akwai Mittlerer Schulabschluss, wadda mutane da yawa suka fi sani da Realschulabschluss, bayan aji 10. Sai Abitur, bayan aji 12 ko 13, ita ce ta shiga jami'a.

Idan za a gwada takardar waje da nasu, abu biyu ake kallo: shekara nawa ka yi kana hawa aji-aji a makarantar boko, da kuma waɗanne darussa ka ci. Harshe, lissafi, darasin kimiyya ɗaya, darasin zamantakewa ɗaya irin su tarihi ko labarin ƙasa ko ilimin gwamnati. Wanda ya yi firamare shekara 6, sakandare shekara 6, ya fito da sakamako mai kyau a waɗannan darussan, yana da abin da zai nemi a daidaita masa da shaidarsu ta aji 10, kuma ita ce yawancin kamfanoni suke nema. NECO ma haka. Amma kada ka ɗauka tunda ka yi shekara 12 to WAEC ɗinka ta zama Abitur ke nan. Wannan wani awo ne daban, kuma koyon sana'a bai buƙace shi ba.

Ga wanda ya san aikinsa, masu burodi da gine-gine da ɗakin girki sun fi sassauci. Aikin banki, inshora da kwamfuta kuwa, yawancin waɗanda ake ɗauka masu Abitur ne.

Ni ɗan Nijar ne, BEPC gare ni.

Lissafin iri ɗaya ne. Firamare shekara 6 da kwaleji shekara 4 sun ba ka 10, Bakaloriya kuma 13. Haka yake ga 'yan Chadi da ɓangaren Kamaru mai karatu da Faransanci. Ɗan Ghana mai WASSCE kuwa yana layi ɗaya da ɗan Najeriya.

Ba ni da kiredit a lissafi. Shi ke nan na fita?

Ba ka fita ba, amma ina roƙonka kada ka raina wannan. Babu dokar da ta ce sai da C6. Sai dai mai kamfanin wutar lantarki ko na ƙarfe, abin da idonsa zai fara sauka a kai shi ne lissafi da fiziks, kuma yana da hujja. A makarantar sana'a za a ba ka waya a ce ka lissafa kaurin da zai ɗauki wutar da za ta bi ta cikinta. Birkila zai lissafa siminti da yashi na bango mai tsawo kaza. Mai burodi zai mayar da haɗin kilo 10 zuwa na kilo 35. Duk wannan a cikin harshen da bara ka fara koyo.

Idan F9 gare ka, shawarata ka sake zama jarrabawar 'yan waje ta WAEC ko NECO, tunda koyon Jamusanci ma zai ci maka kusan shekara, sai ka haɗa biyun. Kuma ka zauna da kanka. Na san akwai makarantun da ake biya a rubuta wa mutum, ya fito da A1 bai san rabin kwata ba. Wannan A1 ɗin za ta iya kai ka har Jamus, amma wasu kamfanonin suna yin gwajin lissafi kafin su ɗauka, kuma ko ka tsallake shi, akwai watannin gwaji, daga 1 zuwa 4, da mai kamfani zai iya sallamarka ba tare da ya faɗi dalili ba.

Ɗana a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya, amma shekararsa takwas a gareji. Babu motar da ba ya gyarawa.

Baba, wannan tambayar ita ce ta fi taɓa ni, don na san irin yaran nan. Akwai wani da na taɓa kai wa motata, ya sa kunne a jikin inji, bai kwance komai ba ya ce mini ga abin da ya lalace, kuma haka ɗin ne. Irinsu a hannu sun fi masu kwali da yawa.

Amma gara in faɗa maka yadda abin yake. Takardar aji uku shekara 9 ce, mafi girman abin da za ta kai shi ne ƙaramar shaidarsu. Kuma ƙwarewar gareji, in babu takardar hukuma a bayanta, jami'in da ke zaune a ofis ba shi da ma'aunin da zai auna ta. Motocin can ma yanzu da kwamfuta ake binciken su, shi ya sa sunan sana'ar ya haɗa kanikanci da lantarki.

Hanyar da nake gani ita ce ya koma ya yi sakandaren ko da ta yamma ce, ya zauna jarrabawar fasaha ta NABTEB ko WAEC ta 'yan waje, ya kuma yi jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, ya karɓi wasiƙa daga ogansa mai ɗauke da kwanan wata da irin ayyukan da ya yi. Shekara biyu ce ko uku, kuma ko bai je ko'ina ba, takardun nan za su yi masa rana a gida.

Haka amsar take ga wanda allo ko Islamiyya kaɗai ya yi. Karatunsa karatu ne, amma awon da ake yi a can na darussan boko ne. Wanda ya yi sakandaren Larabci da addini ya zauna jarrabawar NBAIS, sai ya duba sakamakonsa ya ga ko akwai lissafi da Turanci da kimiyya a ciki, don su za a nema.

Ni kuma difloma gare ni. Wani abokina ma digiri.

Ba za ta hana ka ba. In difloma ta dace da sana'ar da kake nema, tana ƙara maka daraja, har ana iya rage maka watanni in mai kamfani da majalisar sana'a sun yarda. Amma mai digirin tattalin arziki da ya ce zai koyi burodi, lallai ya shirya amsa mai ma'ana, don za a tambaye shi dalili.

Kafin ka koma aji ɗaya kuma, ka bincika ko ana iya amincewa da abin da ka riga ka koya. Tun 2012 Jamus take da dokar tantance sana'o'in da aka koya a waje. Mai difloma a aikin injiniya da shekarun aiki a bayansa, wataƙila hanyar ma'aikaci ce ta dace da shi, ba ta ɗan koyo ba.

Aikin jinya nake so. An ce shi ne ya fi sauƙin samu.

'Yar'uwa, gurbi yana da yawa, wannan haka ne, amma a nan ne takardar makaranta ta zama dole a doka. Tun Janairun 2020 aka haɗe jinyar manya da ta yara da ta tsofaffi a koyo guda na shekara 3, awa 2,100 a aji, awa 2,500 a bakin aiki. Sharaɗin shiga shi ne shaidar aji 10 ko makamanciyarta. Mai shaidar aji 9 sai in ya haɗa da wata sana'a ta aƙalla shekara 2 da ya kammala, ko horon mataimakin mai jinya. Makarantar jinya ba za ta iya ɗaga miki ƙafa ba ko tana so, sai kin kawo takardar da ta nuna an tantance sakamakonki. Yawancinsu kuma B2 suke nema a Jamusanci, wato mataki na huɗu cikin matakai shida na iya harshe, don kuskuren kalma ɗaya a kan magani ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wani abu da ya kamata kowa ya sani. Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan duk suna cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, waɗanda su kansu suke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya. Dokar Jamus ta hana 'yan kasuwa ɗebo mutane daga waɗannan ƙasashe zuwa aikin lafiya da jinya; hukumar samar da ayyuka ta gwamnati ce kaɗai aka yarje wa. Ke da kanki kina iya neman gurbi. Amma duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya samo miki asibiti, yana yin abin da dokar can ta haramta, kuma takardar da ta biyo ta hannunsa tana iya jawo a hana ki biza.

Ki kuma san aikin tun daga gida: akwai wanke marasa lafiya maza da mata, akwai kwanan asibiti. Kamar yadda mai son aikin kuku ya kamata ya san akwai naman alade da giya a ɗakin girkinsu, ya tambaya kafin ya sa hannu.

Wa yake tantance takardun, kuma ina zan tura?

Ilimi a Jamus a hannun jihohi yake, kuma jihohin 16 ne. Kowace tana da ofishinta na tantance takardun makarantun waje, wanda ake kira Zeugnisanerkennungsstelle. Ofishin jihar da za ka yi koyon shi za ka nufa, kuma da yawa sukan so ganin shaidar cewa wata makaranta ko kamfani na jihar yana maganarka. Kuɗin da tsawon jiran sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Ka sa a ranka watanni ne, ba kwanaki ba. Akwai rumbun bayanai na intanet mai suna anabin da jami'ansu suke dubawa, kai ma kana iya buɗe shi kyauta ka nemi ƙasarka.

Idan koyon na kamfani ne, ba kullum ake buƙatar wannan tantancewar ba. Ka tambayi mai kamfanin.

Abin da za ka tanada: ainihin satifiket, ba sakamakon da aka buga a shagon kwamfuta ba. Yara da yawa sun gama shekara biyar ba su koma makarantarsu sun karɓo nasu ba. Sai takardar shaidar makaranta, da sakamakon zango-zango in an nema, da lambar katin duba sakamako, don wasu wuraren da kansu suke shiga su gani. Wasu ofisoshin suna karɓar takardun Turanci da Faransanci yadda suke, wasu sai an fassara, kuma ba kowane mai jin Jamusanci ba, sai tafintan da aka rantsar.

Sunana a WAEC ya ɗan bambanta da na fasfo. Matsala ce?

Babbar matsala ce, kuma ita ce ta fi kayar da mutanenmu, fiye da rashin kiredit.

Wani yaro ya taɓa shimfiɗa mini takardunsa a kan tabarma, guda biyar. A ta firamare an rubuta sunansa da na mahaifinsa. A ta sakandare malamin da ya cika fom ya gajarta Muhammad ɗin, ya kuma ƙara sunan garinsu a ƙarshe, kamar yadda ake yi mana tun zamanin makarantun kwana. A fasfo an juya, sunan uba ya dawo gaba, kuma da wani rubutun daban. Ranar haihuwa kuwa, ɗaya ta ce 1 ga Janairu, ɗaya ta ce Maris, har da bambancin shekara biyu, don an rage masa lokacin rajistar jarrabawa. Shi a wurinsa duk shi ne, kuma kowa a unguwarsu zai rantse a kan haka. Ni ma na san shi ne. Amma jami'ar da ke zaune a wani ofis a jihar Bavariya ta Jamus, mutum uku take gani.

Ofisoshin jakadancin Jamus a Najeriya sun daɗe da daina buga hatimin gaskata takardun ƙasar. In ana shakka, bincike ake sa a yi har inda takardar ta fito, kuma mai nema ne yake biyan kuɗin. Don haka tun kafin ka biya kuɗin ajin Jamusanci, ka jera takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, katin ɗan ƙasa, fasfo da satifiket, ka bi su harafi-harafi. Inda aka sami saɓani, ka bi hanyar gyara ta hukumar da ta ba da takardar. Takardar rantsuwa ta kotu tana taimakawa wajen bayani, amma ba ta goge abin da ke jikin satifiket. Kada kuma ka bari wani mai kwamfuta ya "gyara" maka. In aka kama jabu guda ɗaya, sauran na gaskiyar ma sun mutu.

Da Turanci ba zan iya ba?

A'a. Makarantar sana'a da jarrabawar ƙarshe da Jamusanci ake yin su. Don biza, abin da aka saba nema shi ne matakin B1, wanda ke ƙasa da B2, da shaidar jarrabawa irin ta Goethe ko telc ko ÖSD. Akwai cibiyar Goethe a Legas da Accra da Yaounde.

Ra'ayina shi ne B1 tana shigar da kai ƙasar ne kawai, ba ta zaunar da kai a aji. Malami ba zai rage gudu saboda kai ba, oga a wurin aiki kuma da karin harshen yankinsu zai yi maka magana, injin yana ƙara. In da za a ce in zaɓa tsakanin mai A1 tara a WAEC da Jamusanci na dole-dole, da mai C6 biyar da ya kai B2, na biyun zan tura. Ana ba mutum damar maimaita jarrabawar ƙarshe sau biyu, kuma wanda ya rasa gurbinsa ba da laifinsa ba ana ba shi har wata 6 ya nemi wani, amma ba na so ka kai ga buƙatar ko ɗaya.

Akwai iyakar shekaru?

In kana da kwantiragi a hannu, doka ba ta yanke shekaru ba, ko da yake kamfanoni sun fi karkata ga matasa. Akwai wata biza ta daban ta zuwa neman gurbin koyo, wadda tun Maris 2024 aka buɗe ta ga wanda bai kai 35 ba, har tsawon wata 9, da B1. Ita kam tana neman takardar makaranta kai tsaye: sai wadda za ta iya shigar da kai jami'a a Jamus ko a ƙasarku. Kuma kai za ka ciyar da kanka duk tsawon zaman.

Abin da ake biya yana isa?

Mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a biya ɗan shekarar farko shi ne Yuro 649 a wata ga wanda ya fara a 2024, da 682 ga na 2025. Masana'antu da asibitocin gwamnati suna biyan fiye da 1,000. Kada ka buga shi da canjin naira ka ce ka warke: za a cire na inshorar lafiya da fansho, haya kuma a birane irin su Munich tana iya cinye fiye da rabi. In albashin bai kai adadin da ofishin jakadanci yake wallafawa ba, sai ka cike giɓin da kuɗi a asusun da ake kullewa, ko wani mazaunin can ya tsaya maka a rubuce. An yarda ka yi aikin gefe har awa 20 a mako, amma wanda ya wuni a tsaye a wurin aiki ga karatu da dare, ya san awa 20 ɗin nan daga barcinsa za ta fito.

Yaushe ya kamata in fara?

Yawancin koyo yana farawa ne 1 ga Agusta ko 1 ga Satumba, jinya kuma a wurare da dama har da Afrilu da Oktoba. Manyan kamfanoni suna buɗe neman tun shekara guda kafin lokacin, ƙananan masu sana'ar hannu sukan ɗauka har kusa da farawa. A 2023 gurabe kimanin 73,000 ne suka tashi babu masu cike su, kuma ana wallafa guraben kyauta a shafin hukumar samar da ayyuka da na gwamnati mai suna Make it in Germany. Mai kamfani na gaskiya ba ya karɓar kuɗi don ya ba ka kwantiragi.

Ka ƙirgo baya daga Agustan da kake hari: watannin jiran biza, kafin su watannin tantance takardu, kafin su wasiƙun nema da hira, kafin su kusan shekara ta Jamusanci. Wanda yake son ya fara a Agustan shekara mai zuwa, a wannan watan ya kamata ya je tsohuwar makarantarsa ya karɓo satifiket ɗinsa, ya ajiye shi kusa da fasfo ya duba sunayen.